Amsa ga mai son hayar siririn jirgin kanal shi da iyalinsa

Wa alaikumus salam Malam. Tun jiya na ga tambayarka: kana Leicester, kana so ka yi hayar siririn jirgin nan na kanal, wato hanyar ruwa da aka haƙa don jirage, na mako guda in yara sun yi hutu, kai da maiɗakinka da yara uku da Hajiya da ta zo ziyara, kuma ba ka taɓa tuƙa jirgi ba. Sau biyu na yi wannan tafiya. Ta farko na ji jiki, ta biyu har yanzu yarana na maganarta, kuma ba jirgin ne ya bambanta su ba, hanyar da na zaɓa ce.

Tuƙin kada ya dame ka. Ba a neman lasisi wurin mai haya, ma'aikacin kamfani zai nuna maka komai kafin ya sake ka. Sandar tuƙi a baya take, kana tsaye a waje, rana da ruwan sama duk a kanka. In ka tura ta dama, hancin jirgi ya yi hagu. Babu birki, sai dai ka sa ribas ka jira. In kun haɗu da wani jirgi kowa ya riƙe damansa, saɓanin titin Ingila. Iyakar gudu mil 4 ne a awa, kuma da wuya ka kai hakan. Yarana kan sauka su bi hanyar gefe da ƙafa su riga mu isa. Hanyar ta dawaki ce, su ke jan jiragen gawayi da kaya kafin zuwan inji.

Aikin yana wurin abin da suke kira lok. Ruwan kanal ba ya hawa tudu, sai aka gina masa matakala: wani dogon akwati na bulo mai ƙofa gaba da baya. Ka shiga, a rufe, a buɗe kafar ruwa da wani ƙarfe mai kama da sifanar taya, ruwa ya ɗaga ka ko ya sauke ka, sannan mutum ya sa baya ya tura katakon ƙofar. Faɗin irin waɗannan akwatuna ƙafa 7 ne, shi ya sa faɗin jirgin ƙafa 6 da inci 10, komai tsawonsa. Babu ma'aikaci a yawancinsu. Ku ne ma'aikatan.

A tafiyar farko taswira kawai na duba, na ga daga Birmingham zuwa Worcester mil 30 ne, na ce ai wannan kusa ne. Ban ƙirga lok ba. Guda 58 ne a wannan hanya, 30 daga ciki a jere suke a Tardebigge, cikin tazarar mil biyu da ɗoriya. Muka fara da hantsi, ni a kan sanda, maiɗakina da babban ɗana a kan ƙofofi. Wajen na 20 ta daina yi mini magana, tafin hannunta ya yi bororo. A nan ne kuma na yi sakacin da har yau in na tuna gabana ke faɗuwa. A gindin ƙofar sama akwai wani dandamali a ƙarƙashin ruwa, kamar dokin ƙofa, an shafa farin fenti a bango don a san iyakarsa. In kana sauka dole gindin jirgi ya wuce wannan alama. Ni kuwa ina shan shayi, jirgi ya ja baya, sai na ji gindinsa ya tsaya, hanci na yin ƙasa, kofuna na zubowa a kicin. Wani dattijon Bature da ke yawo da karensa ne ya daka mana tsawa a rufe kafofin ruwa nan take. Aka rufe, aka ƙaro ruwa a hankali, jirgi ya taso. Haka jirage ke nutsewa a lok, kuma laifina ne ni kaɗai.

Daga baya na koyi lissafin masu jirgi: ka haɗa yawan mil da yawan lok, ka raba uku, ka sami awannin tafiya.

Don haka, tunda akwai Hajiya da yara, ku nufi kanal ɗin Llangollen a iyakar Wales. Daga Chirk har garin Llangollen babu lok ko ɗaya. A nan gadar Pontcysyllte take, wadda Thomas Telford ya gina, aka buɗe a 1805. Kwami ne na ƙarfe cike da ruwa, tsawonsa ya ɗan haura mita 300, a sama da kogin Dee da mita 38. Gefe ɗaya akwai hanyar ƙafa da shinge, ɗaya gefen babu komai, kana kan sanda ka leƙa sai sarari. Yara su zauna ciki su kalla ta taga. Kusa da Llangollen akwai wuraren da jirgi biyu ba sa giftawa, sai ka tura wani gaba da waya ya duba maka hanya.

Zaman ciki kuma, ruwa a tanki yake. Mu da alwala sau biyar da buta a banɗaki, mun fi Turawa cin ruwa nesa ba kusa ba, don haka duk famfon da ka gani a bakin hanya ka tsaya ka cika, ko da ka cika jiya. Wuta daga batir take, inji ke cika shi, kuma ba a kunna inji a tsaye daga ƙarfe 8 na dare zuwa 8 na safe. Alƙibla tana juyawa da kowace kwana, mu kam sai mu ɗaure jirgi mu shimfiɗa darduma a ciyawar gefe, bayan an duba ƙazantar karnuka. Nama ku sayo tun daga Leicester, don abin da za ka tarar a bakin kanal yawanci mashaya ce. Ka nemi rigunan hana nutsewa na yara wurin kamfanin, su sa a duk lokacin da suka fito waje.

Abin da zan fi so ka tambaya kafin ka biya kuɗi shi ne ƙafar Hajiya. Shiga jirgin sai an tsallaka daga gaɓa, sannan a sauka matakala uku ko huɗu masu tsayi, lungun ciki kuma mutum ɗaya yake ɗauka. In tana fama da gwiwa, akwai wuraren da ke ba da hayar ƙaramin jirgi na yini guda. Ku fara gwada wannan wata Asabar, ka ga yadda za ta hau ta sauka, ka kuma ji ta bakin maiɗakinka, tunda in kun haɗu da lok ita za ta riƙe sifanar.