Ko Ya Dace A Raba Wa Mahalarta Biki Kyamarar Amfani Sau Ɗaya?

Tambaya: Za mu aurar da 'yarmu a Tudun Wada, Zariya, kuma wata ƙawarta ta ba da shawarar a raba wa baƙi ƙananan kyamarorin da ake jefarwa bayan an gama amfani da su. Shin hakan ya dace?

Amsa: Hajiya, Allah ya sanya albarka. Irin wannan kyamara, wadda kamfanin Fujifilm ya fitar a 1986, yawanci hoto 27 kawai take ɗauka, kuma ba za a ga ko ɗaya ba sai an wanke fim ɗin, alhali masu wankin fim sun yi ƙaranci tunda wayoyin hannu suka mamaye ko'ina. Haskenta kuma bai wuce 'yan taku kaɗan ba, don haka hotunan dare kan fito da duhu.

Abin da ya fi damuna shi ne taron mata. A ranar kamu da sa lalle, matan aure kan saki jiki, mayafi a kafaɗa, kuma bai kamata hotonsu ya faɗa hannun da ba su sani ba. Shawarata ita ce ku ɗauki mace mai ɗaukar hoto don cikin gida. Idan amarya ta nace, ku sayi uku ko huɗu, ku damƙa wa 'yan'uwanta na jiki, su dawo muku da su bayan walima.