Farcen akirilik da ke ɗagawa kafin mako ya zagayo

"Anti, ina sa wa kwastoma farce ya fito tsaf, kwana huɗu ko biyar sai ta dawo ya ɗaga ta gindi, har gashi na maƙalewa a ciki in tana taje kai. Na sauya gam, na ƙara firaima, ba ta sauya zani ba. Ko hodar ce ba ta da kyau, in shiga Trade Fair in sayo wata?"

Ƙanwata, ajiye kuɗin motarki tukuna. Daga Agege zuwa kasuwar Trade Fair ba nan kusa ba ne, kuma da wuya a ce hodar akirilik ɗin ce. Riƙe hannun kwastomar ki duba ta ina ya ɗaga, ki tambaye ta yaushe ya fara. Wanda ya ɗaga ta gindi cikin makon farko, aikin hannunki ne.

Akwai wata siririyar matacciyar fata da ke biyo farce yayin da yake tsirowa, ta manne a kansa kamar bawon albasa. Ido ba ya saurin ganinta. Yawancin masu koyo suna tura fatar gindin farce baya su ɗauka sun gama, alhali wannan bawon na nan kwance. Akirilik sai ya kama shi maimakon ya kama farcen, ranar da bawon ya saki, aikinki ya bi shi. Ki kankare shi a hankali da abin tura fata, musamman a kusurwoyi biyun nan, har sai kin daina ganin farin gari na fitowa. Kada kuma ki jiƙa mata hannu cikin kwano kafin aiki. Farce na shan ruwa ya kumbura, in ya bushe ya koma yadda yake, akirilik kuwa ba ya bin sa. Wanke hannu da sabulu kawai, a tsane sosai.

Sai guga. Fayil, wato abin goge farce, mai lamba 180 ya isa, ƙyallin saman farcen kaɗai za ki kashe. Wasu na ɗaukar mai lamba 100, wanda ya fi kaushi, su yi ta karta, wai don ya kama da kyau. Wannan cutar da mutum ne: farcen ya yi siriri, ya riƙa lanƙwasawa a ƙarƙashin abu mai tauri, ƙarshe ya ɗaga ɗin dai, ga zafi. Bayan guga ki kakkaɓe ƙurar da buroshi har cikin gefe, ki shafa ruwan busar da maiƙo. Daga nan ba mai taɓa farcen, ke ko ita. Ki sa mata ido, don yanzu za ta ɗauki waya ko ta gyara ɗankwali, kuma matanmu ba sa rabo da man kaɗanya da man kitso. In ta taɓa, a sake gogewa. Gara ki gama shirya hannu ɗaya ki ɗora masa, sannan ki koma ɗayan.

Firaimar da kika ƙara, wato abin da ake shafa wa farce don akirilik ya kama, ita ma tana iya zama sanadi. Kaɗan ake sawa: ki tsoma, ki diga a takarda, abin da ya rage a buroshin ya ishi farce biyu ko uku. Mai asid za ki ga ta bushe ta yi fari kamar alli, ita kuma in ta taɓa fata ƙonawa take yi. Marar asid tana barin ɗan danƙo, haka take, kada ki goge.

Yanzu ga inda hannu ke nuna kansa, wato haɗin ruwan akirilik na kwalba da hodarsa. Ma'aunin da aka saba koyarwa shi ne ruwa kashi ɗaya da rabi, hoda kashi ɗaya, amma ki bi abin da kamfanin kayanki ya rubuta, kuma kada ki haɗa ruwan wani kamfani da hodar wani. Ƙwallon haɗin da kike ɗebowa a bakin buroshi, in ya yi daidai, da kin ajiye shi zai ɗan kwanta cikin 'yan daƙiƙu ya yi santsi, ba ya gudu. In ya malale, ruwa ya yi yawa: zai shiga gefen fata, ya tsuke sosai wajen bushewa, kuma yawan taɓa fata da ɗanyen ruwan nan na jawo ƙaiƙayi da kumburi da kan zame wa mutum na dindindin. In ya tsaya curi da gari-gari a jikinsa, ya bushe da yawa, ba zai shiga jikin farcen ba, sai ki ga farin tabo na iska a tsakiya. Ki danna shi da cikin buroshi, ba shafawa kawai ba. Tsakanin akirilik da fata ki bar tazara kamar milimita 1, kuma bakin nan na gindi ya zama siriri har yatsa ba zai ji tudu ba. Ko ɗigo ya taɓa fata, ki cire shi tun yana ɗanye.

Zafin Legas na sa haɗin saurin kamawa, musamman da rana in an ɗauke wuta. Ki ɗebo ƙananan ƙwallaye, uku a farce ɗaya ba abin kunya ba ne. Ki bar taga a buɗe saboda warin, amma ki kawar da fanka daga kan tebur, tana kwaso ƙura tana kuma busar da ruwan. Ruwan da ya yi gajimare a ɗan kofin nan ki zubar, ba a mayar da shi kwalba.

In ta baki ko gefe ya ɗaga, duba tif ɗin da kika liƙa, wato farcen robar da ake ƙara tsayi da shi. Ƙarami aka matsa a kan babban farce, zai yi ta ja har ya saki. In kina tsakanin lamba biyu, ɗauki babban ki rage shi da fayil. In kuma hannun dama kaɗai ke lalacewa bayan mako biyu, wanki ne da wanke-wanke da ɓalle murfin gwangwani. Ki rage mata tsayi, ta dawo ciko duk mako biyu zuwa uku.

Inda kaya ke da laifi shi ne ruwa mai arha marar suna a jikin kwalba. Sau da yawa wani sinadari ne mai suna MMA, wanda hukumar kula da abinci da magunguna FDA ta Amurka ta ɗauki mataki a kansa tun shekarun 1970. Ba ya kama farce sai an karce shi sosai, yana da wari mai hawa kai, ga taurin tsiya, in aka buge shi da farcen mutum yake tafiya. Nemi wanda aka rubuta EMA, sinadarin da ake amfani da shi a maimakon MMA. Gwajin mai sauƙi ne: busar da ƙwallo ɗaya ki jefa a asiton, ruwan da ake cire akirilik da shi. EMA zai yi laushi cikin minti 20 zuwa 30, MMA kuwa zai daɗe yana nan da taurinsa.

Wadda ta dawo yanzu, kada ki ɗura gam a ƙarƙashin wurin da ya ɗaga, danshi za ki kulle a ciki. Ki goge duk ɓangaren da ya saki har ki iso inda ya kama, ki tsaftace, ki cike. In kin tarar da kore a kan farcenta, ƙwayar cuta ce ta samu wurin zama a danshin. Ki cire akirilik ɗin gaba ɗaya, ki jefar da fayil ɗin da kika yi aiki da shi, ki bar farcen ya sha iska. In akwai zafi, kumburi ko ruwa, ko farcen ya rabu da nama, asibiti za ki tura ta.