Tambayoyinku: Windows da abdet ɗinsa mai cin data

Tambaya: Malam na sa datar wata guda na jona laftof da hosfot ɗin wayata, kafin in idar da sallar Isha'i ta ƙare kaf, alhali ko YouTube ban buɗe ba. (Wata ɗaliba daga Zariya)

Amsa: Ba aljani ba ne ƙanwata, Windows ne ya ga banza ya faɗa. A zatonsa duk wifi ɗin da ya gani na ofis ne wanda ba ya ƙarewa. Ki shiga Settings, Network & internet, ki danna sunan hosfot ɗin naki ki kunna Metered connection. Zai daina sauke manyan abdet sai 'yan ƙalilan da ya ga dole. Amma fa kowane wifi da nasa, in kika jona da wayar ƙawarki sai kin sake kunnawa.

Tambaya: Ina tsaka da buga wa kwastoma takarda kwamfutar ta yi ristat da kanta. (Mai shagon buga takardu, Gusau)

Amsa: Abdet ne ya jawo, maganinsa Active hours, wato lokacin da Windows ba zai yi ristat da kansa ba, yana cikin Advanced options na Windows Update. Saita lokacin aikinka, yana karɓar har awa 18. Kuma ka riƙa danna Ctrl da S don ajiye aikinka, don Allah.

Tambaya: Mai gyara ya kashe min abdet ta services.msc, inda ake kunnawa da kashe ayyukan Windows, amma bayan 'yan kwanaki sai in ga ya dawo. Yaya zan kashe shi har abada? (Wani daga Kano)

Amsa: To ga wadda nake jira. Wallahi duk mako sai an aiko min wannan tambayar, kuma kullum mai gyara ne ya bada shawarar. Dalilin dawowarsa dai akwai wani ɗan tsako da Microsoft suka saka mai suna Windows Update Medic Service, aikinsa kenan, in ka kashe ya tayar, kai da shi sai wanda ya gaji. Kuma ni a wannan faɗan ina bayansa.

Ɗan'uwa ka san me ake sakawa cikin abdet ɗin nan? Yawancinsa toshe ɓarakar tsaro ne, ba ado ba. A watan Mayun 2017 ƙwayar WannaCry ta kulle kwamfutoci sama da dubu 200 a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila sai da suka riƙa mayar da marasa lafiya gida, masu ita suna neman kuɗin fansa da Bitcoin. Abin haushin shi ne tun watan Maris, wata biyu kafin nan, Microsoft suka fitar da maganin, waɗanda ta kama su ne waɗanda ba su saka ba. Yanzu kai da kake shiga banki da laftof ɗin, hotunan biki da takardun makaranta duk suna ciki, kowane filas aka miƙo maka ka soka, kai ne kake son rufe ƙofar gyara har abada saboda wani yaro a kasuwar waya ya ce abdet na sa kwamfuta nauyi. Nauyin nan ka duba da kyau, sau tari ram ɗinka ne giga 4 da tsohon hard disk mai juyawa, ka sa SSD, wato ma'ajiyar zamani mai sauri, ka ga ikon Allah.

Na yarda abdet yana da nasa iskancin, ni ma akwai wanda ya taɓa hana firintata aiki sai da na yini ina zage-zage. Shi ya sa nake cewa a riƙe linzaminsa, kar a yanka dokin. Microsoft suna sakin na tsaro ne ranar Talata ta biyu a kowane wata. Abin da nake yi, kafin ranar in danna Pause updates, yana bada dama har sati biyar, in bar wasu su fara ɗanɗanawa na kwana bakwai, in ban ji ihu ba sai in sayi datar dare mai araha in sake shi ya sha ya ƙoshi. Sharaɗi ɗaya, batir ya cika ko janareto na aiki, domin in aka ɗauke wuta yana tsakiyar sakawa a laftof ɗin da batirinta ya mutu, nan ne ake samun kwamfutar da ta ƙi tashi, sai kuma a ɗora wa abdet laifi. In kuma wani ya ɓata maka abu, Update history, Uninstall updates, ka cire shi kaɗai. Masu Windows Pro suna iya shiga gpedit.msc, wajen saita dokokin Windows, su sa ya riƙa tambaya kafin ya sauke, masu Windows Home ba ku da wannan, sai haƙuri.

Tambaya: Tawa Windows 10 ce, ta daina damuna da abdet, Alhamdulillahi. Akwai matsala? (Wani daga Maraɗi)

Amsa: Akwai. Tun 14 ga Oktoba 2025 aka daina ba Windows 10 abdet na yau da kullum, sai wanda ya yi rajistar ESU, wato shirin ƙarin wa'adin abdet ɗin tsaro, shi ma wa'adinsa 13 ga Oktoba 2026. Ka sauke manhajar PC Health Check ta duba ko za ta ɗauki Windows 11, wanda yake son TPM 2.0, wato wani guntun tsaro a cikin kwamfuta, da furosesa irin Intel zubi na 8 zuwa sama. In 'yar Beljiyam ce tsohuwa, fara tarin kuɗi ko ka zo mu sa mata Linux Mint a madadin Windows.