Tambaya da Amsa: Oga ya ce a auna littattafan ofis a kilo

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, fatan kana lafiya da iyali. Ni ke riƙe da sito a wani ofishin gwamnati a nan Zariya, to satin da ya wuce oga ya ce a kwashe wani ɗaki da muke zuba tsofaffin littattafai za a mai da shi ofishin sabbin ma'aikata, da na buɗe ɗakin wallahi sai da gabana ya faɗi, kwali kan kwali har kusan silin, rahotannin shekara ne da gazet (wato jaridar sanarwar gwamnati) da littattafan noma da taswirori, akwai ma na zamanin Jihar Arewa. Oga ya ce in kira masu sayen takarda su auna a kilo a wuce wurin, ni kuma zuciyata ta ƙi kwanciya. Wani abokina ya ce wai a Amurka in ma'aikata ta gama da littattafanta laburaren ƙasa ake kai wa. Da gaske ne? Mu nan fa ina za mu kai?

Ƙaninka daga Tudun Wada

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka tambaya kafin sikeli ya iso.

Abokinka bai yi ƙarya ba. Laburaren Majalisar Dokokin Amurka da ke Washinton, wanda aka kafa tun 1800, shi ne ke matsayin laburaren ƙasa a wurinsu, kuma ma'aikatun tarayya suna tura masa rarar littattafansu. Amma fa ba juji ba ne, ba komai suke karɓa ba, suna da sharaɗin irin abin da za a kawo. In kaya sun iso sai masu tantancewa su duba wanda babu shi a kantocinsu su ɗauka su sa a rajista. Su da kansu suna cewa a kowace ranar aiki abubuwa kusan 15,000 ke shigo masu ta hanyoyi daban-daban, mafi yawa daga masu rajistar haƙƙin mallaka, su kuma suna riƙe sama da 10,000, ka ga kenan kullum sai an samu rara mai yawa. To wannan rarar ita ce abin da ya fi burge ni, don ba a barin ta ta ruɓe, wasu a yi musaya da su da laburarorin wasu ƙasashe, wasu a tura wa wata ma'aikatar da ke buƙata, sauran a jera su a wani ɗaki makarantu da ƙananan laburarori da ƙungiyoyin da ba na neman riba ba su turo wakili da takardar izini ya zaɓa kyauta, su dai su ji da ɗaukar kayansu. Littafin da wani ofis ya gaji da shi sai ka gan shi a hannun ɗan makaranta a wani ƙauye.

Mu nan ma ba a banza muke zaune ba. Laburaren Ƙasa na Najeriya an buɗe shi a Legas a 1964, kuma dokar 1970 ta wajabta wa duk mai buga littafi ya kai kwafi 3, gwamnatin jiha 10, gwamnatin tarayya 25. Wannan dokar maganar sabon bugu take yi, amma ai ka san ba kowace ma'aikata ce ta cika ta ba, balle abin da aka buga tun kafin a yi ta, shi ya sa wani rahoton da ke cikin kwalin nan naka zai iya zama su ma nemansa suke. Suna da reshe a Kaduna. A nan gida kuma ga Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ga na Shugaba Kennedy a Kongo wanda harkar mulki da shari'a ce abincinsa, gazet kam can ya dace da ita, ga kuma Gidan Arewa a Kaduna tsohon gidan Sardauna da ke ƙarƙashin jami'ar, abin da ya shafi Jihar Arewa ba za su yi wasa da shi ba.

Wannan magana tana ci min rai sosai. Bara na sayi ƙosai da safe a Sabon Gari, da na zo gida na warware sai na ga shafi ne daga wani tsohon rahoton auduga, jerin sunayen kasuwanni da nauyin abin da aka saya a kowace, mai ya jiƙa rabin alƙaluman. Na koma wurin mai ƙosan, baiwar Allah ta nuna min abin da ya rage ƙarƙashin benci, an riga an yage bangon da fiye da rabin littafin. Ita ba ta da laifi, a kilo ta saya. Amma wani ɗalibi na nan yana neman waɗannan alƙaluma don ya gane yadda aka yi auduga ta mutu a ƙasar Zazzau da Funtuwa.

Yanzu abin yi. Kada ka ja da oga a gaban mutane, same shi shi kaɗai ka ce ranka ya daɗe kayan nan na gwamnati ne, ko tsohuwar mota ai sai kwamiti ya zauna an yi mata bodin, wato an duba ta an amince a rabu da ita, kafin a yi gwanjonta, kuma dokar sayayya ta gwamnatin tarayya ta 2007 ma ta yi maganar yadda ake rabuwa da kadarar gwamnati, gobe in odita ya tambaya sunanka da nasa ne a takarda. Ka roƙe shi sati biyu. Shi ɗaki yake so, ba kuɗin kilo ba, zai yarda in sha Allahu.

Sai ka fara da raba fayil da littafi, nan ne mutane ke kuskure. Fayil da wasiƙu da rijistar ma'aikata ba na laburare ba ne, na Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa ne, ita ma tana da ofis a Kaduna, kuma ba a kyautar da su don akwai sirrin mutane a ciki. Wanda aka buga aka yi wa bango shi ne na laburare. Kwalin da gara ta shiga ko yoyon damina ya taɓa ka ware shi gefe kada ya shafi sauran, ka ɗaura wani abu a hanci don ƙurar nan ba ta da kyau. Ka rubuta sunan kowane littafi da shekara da adadin kwafi ko da biro ne a littafin rubutu, oga ya sa hannu a wasiƙa, a kai wa shugaban laburare tare da jerin. Za su zaɓa ne, in kuna da kwafi 40 na rahoto ɗaya ƙila su ɗauki biyu ko uku, kada ka ji haushi haka aikin yake. Duk abin da ya fita a ba ka takardar shaidar karɓa. Kuma don Allah ko ɗaya kada ka kai gida da sunan ceto.

TAMBAYA

Malam barka da aiki. Ina koyarwa a wata ƙaramar sakandare ta al'umma, ɗakin karatunmu kanta biyu ce kawai, na ji ana cewa laburaren Amurka na raba littattafai kyauta, mu ma za mu iya nema?

Malama daga Samaru

AMSA

Malama barka kadai, Allah ya ba da ladan koyarwa. Gaskiya wannan rabon na makarantu da ƙungiyoyin cikin Amurka ne, kuma sai wakili ya je da ƙafarsa ya zaɓa, don haka duk wanda ya ce ki biya kuɗin fom a turo maki kada ki ba shi ko sisi. Abin da ya fi kusa da ke shi ne irin ɗakin da ɗan'uwanmu ya ba da labari a sama. Shugaban makarantarku ya rubuta wa manyan laburarorin garin nan da ofisoshin da ke kusa da ku, a takarda mai kan makaranta da hatimi, ya faɗi ajujuwanku da darussan da kuke buƙata, ya nemi a tuna da ku in za a rage kaya. Ki bi wasiƙar da kanki bayan sati ɗaya, ki tafi da kwali biyu da wani babban ɗalibi da zai taya ki ɗauka.