Gudu ko tafiya a Sakkwato: ga abin da na gani

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa da ka ce an yi maka canjin wurin aiki zuwa Sakkwato, kana son ka san gari da ƙafarka kuma ka rage teɓa, kana tambaya ko gudu ya fi ko tafiya, wallahi da na karanta sai na ji kamar ni na rubuta. Ni ma baƙo na zo garin nan, kuma hawan jini ne ya fito da ni titi.

Gudu yana da wurinsa. Titin Birnin Kebbi, manyan titunan wajen Arkilla da Bado, kewayen filin wasa na Giginya, duk ka yi gudunka bayan sallar asuba, babu mai ɗaga kai ya dube ka. Amma don girman Allah kada ka shiga lungunan cikin gari da gudu.

Wata safiya cikin hunturu, gari bai gama wayewa ba, na rufe hanci da baki saboda ƙura, waya a hannu, na kutsa wani lungu wajen Tsohuwar Kasuwa ina sassarfa. Wani mutum zaune kan benci, buta a gabansa, bai tambaye ni komai ba, sai kawai ya ƙwala ihun ɓarawo. Kafin in waiwaya matasa sun tare bakin lungun, wani da gora, wani da icen girki. Aka shaƙe mini wuyan riga, aka fizge wayar, takalmina ɗaya ya faɗa kwata. Ina ta rantsuwa motsa jiki nake yi, wa zai saurare ka a wannan lokacin? Allah Ya kawo wani dattijo mai shayi da nake gaisarwa idan na bi ta wurin, ya ce ya san ni, a sake ni. Shi kuwa wanda ya tara mini jama'a, ko haƙuri bai ba ni ba. Cewa ya yi, "To mi yas sa kake gudu in ba ka ɗauki komi ba?" Ya ɗauki butarsa ya shige gida. Mutum da furfurarsa! Da an fasa mini kai fa, me zai ce wa iyalina? Har yau idan na tuna fuskarsa sai raina ya ɓaci, na bar shi da Allah.

Tun daga nan na raba su: gudu a kan kwalta don jiki, cikin gari kuwa a hankali. Kuma gaskiya tafiyar ce ta nuna mini Sakkwato. Garin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809 ba a yi lungunansa don mai sauri ba. Ka taso daga Kanwuri, ka wuce gaban fadar Sarkin Musulmi, ka ga Masallacin Bello da Masallacin Shehu, ka ƙarasa Hubbare inda aka binne Shehu Usmanu bayan rasuwarsa a 1817, za ka tarar da masu ziyara har daga Nijar. Ƙofofin gari ma, su Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Kade, Ƙofar Taramniya, ganuwar ta tafi amma sunayen suna nan, kuma sai ka tsaya ka tambayi tsofaffi kafin ka gane inda tsohon gari ya tsaya. Mai gudu yaushe zai tsaya kallon baduku yana ɗinkin jar fata a bakin zaure? Ka yi sallama ga duk majalisar da ka wuce, ko ba ka san kowa ba. "An tashi lahiya?" kaɗai ta isa.

Sai maganar rana. Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, in ƙarfe takwas ta yi ba ka dawo gida ba ka shiga uku. Ka riƙe ruwa, in kuma kana shan maganin hawan jini irina ka fara jin ta bakin likitanka kafin ka ce gudu. Ka sa dogon wando, gajere sai dai a filin wasa. 'Yan kabu-kabu kuwa, su ma wata fitinar ce, ka riƙa bin gefen da kake fuskantar abin hawa don ka ga mai tahowa. Ranar Juma'a da rana ka manta da wajen masallatan nan, cunkoso ba zai bar ka ba.

Wace unguwa ma aka sauke ka? In wajen Mabera ne ko Gawon Nama ka faɗa, in kwatanta maka hanyar da za ka fara da ita.