An kama ɗana ɗan shekara 19 da tuƙi cikin maye a Niyok, ina mafita?

Tambaya: Barista, salamu alaikum. Ina zaune da iyalina a Bronx, cikin birnin Niyok na Amurka. Ɗana mai shekara 19 'yan sanda suka tsayar da tsakar dare, yana dawowa daga liyafar abokan karatunsa a motata. Suka sa shi ya busa na'urar auna barasa, wai ta nuna 0.09. A hannunsu ya kwana, babu wanda ya kira ni, kuma ya ce ba su karanta masa haƙƙoƙinsa ba. Tun zaman farko alƙali ya karɓe lasisinsa. Tunda su da bakinsu suka ce bai isa shan giya ba, ai yaro ne, me ya kai shi kotun manya? Wani ɗan'uwa ya ce min shari'ar ta riga ta rushe, har ma in kai 'yan sandan ƙara. Dattawan masallacinmu kuma sun ce za su je su ba ɗan sandan haƙuri ya janye. Yaron yana da girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, bai zama ɗan ƙasa ba tukuna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya kawo sauƙi, ya shirya mana zuri'a. Ban ga takardar tuhumar ba, ban ga bidiyon ba, saboda haka duk abin da zan faɗa bisa wasiƙarka ne kawai, kuma dokar jihar Niyok nake magana a kai. Da a Nujazi ko wata jihar aka tsayar da shi, da lissafin ya sauya.

Mu fara da kalmar da ka jingina komai a kanta, wato "yaro ne". A gida yaro ne, babu musu. A wurin doka baligi ne tun ranar da ya cika 18. Shekara 21 da kake ji iyakar sayen giya ce, wadda gwamnatin tarayya ta matsa wa jihohi a kanta tun 1984, kuma ba a kafa ta don a sassauta wa matashi hukunci ba. Ƙunci ma take ƙara masa. Babba sai awon barasar jininsa ya kai 0.08 kafin lambar kaɗai ta kama shi da laifin tuƙi cikin maye da ake kira DWI. Wanda bai kai 21 ba, daga 0.02 ya shiga hannun hukumar lasisi ta DMV. Ko ɗan 16 ko 17 ne ma, laifin tuƙi irin wannan ba kasafai yake zuwa kotun iyali ba. Akwai wata kariya ta masu ƙuruciya da ke rufe tarihin laifi, amma sai wanda bai cika 19 ba a ranar da abin ya faru. Ka ɗauko takardar haihuwarsa ka ajiye kusa da takardar 'yan sanda ka duba kwanan watan. Idan ranar ta riga cikarsa 19 ko da kwana ɗaya ne, ka gaya wa lauyansa yau. Idan ba haka ba, wannan ƙofa a rufe take.

Rashin kiranka da suka yi ya yi maka ciwo, na gane, amma babu dokar da ta tilasta musu kiran mahaifin baligi. Maganar karanta haƙƙoƙi kuwa, finafinai sun ɓata wa mutane tunani a kanta. Gargaɗin nan na Miranda, wanda Kotun Ƙoli ta shimfiɗa a 1966, yana aiki ne idan mutum yana tsare kuma ana yi masa tambayoyi. Idan ba a karanta ba, mafi yawan abin da lauya zai samu shi ne a cire kalaman da aka tatsa a wannan hali. Tuhumar tana nan daram. Lambar da na'ura ta nuna ba kalami ba ce. Kuma abin da direba ya faɗa ta tagar mota kafin a sa masa ankwa, irin su "kwalba biyu kawai na sha", galibi kotu tana karɓarsa. Ɗan'uwan da ya ce shari'a ta rushe, da fatan alheri ya faɗa, amma ba shi zai tsaya gaban alƙali ba.

Ƙarar 'yan sanda, ban ga ƙafar da za ta tsaya a kai ba daga abin da ka rubuta. Muddin suna da dalili karɓaɓɓe na kamun, ƙarar ta mutu tun a bakin ƙofa. Idan an doke shi ko an wulaƙanta shi, wannan wata magana ce, kuma wa'adin sanar da hukumar birni kwana 90 ne kacal, sai a yi hanzari.

Dattawa kuma, don Allah ka dakatar da su. A gida mun saba manya su je su kashe wuta tun ba ta kai kotu ba, kuma al'ada ce mai kyau a inda take aiki. A nan ɗan sandan shaida ne kawai, ba shi da ikon janye komai. Mai ƙarar ita ce jiha, ta hannun ofishin mai gabatar da ƙara. Ayarin mutane su je wurin shaida suna roƙonsa ya sauya magana, ana iya fassara shi da yunƙurin karkatar da shaida, ka ga an nemi gyaran gira an rasa ido. Amfaninsu yana wani wuri: liman ko shugaban al'umma ya rubuta wasiƙar shaidar hali, a miƙa wa lauya, shi ya san lokacin da zai fito da ita.

To ga abin da ke gabansa. Idan aka same shi da DWI, tara ce daga dala 500 zuwa 1,000 ban da kuɗin kotu, da yiwuwar ɗaurin da bai wuce shekara ba, ko da yake mai laifin farko da bai yi hatsari ba da wuya a ɗaure shi. Za a sa a ɗaura wa motar da yake tuƙawa na'urar da ba ta barin inji ya tashi sai an busa, kuma shi zai biya kuɗinta. Ga dala 250 duk shekara har shekara uku ga DMV. Lasisi kuma, saboda bai kai 21 ba, sokewa ce ta aƙalla shekara guda, ba wata shida irin ta manya ba. Abin da ya fi damuna duk ba waɗannan ba ne. DWI laifi ne da ke shiga tarihin mutum, kuma idan ya sake cikin shekara 10, na biyun babban laifi ne. Karɓe lasisi a zaman farko kuwa tsari ne na yau da kullum ga duk wanda awonsa ya kai 0.08, ba alamar alƙali ya tsane shi ba.

Shin akwai abin kare kai? Akwai, amma ba waɗanda ka lissafa ba. Lauya zai fara da tambayar me ya sa aka tsayar da motar tun farko. Idan babu dalili na doka, duk abin da ya biyo baya yana iya zubewa. Sai ya tambayi wace na'ura ce ta ba da 0.09 ɗin, ƙaramar ta bakin titi ko babbar ta ofis, domin nauyinsu a kotu ba ɗaya ba ne. Zai nemi takardun gyara da daidaita na'urar, da izinin jami'in da ya yi gwajin, da shaidar cewa an zuba wa yaron ido aƙalla minti 15 kafin ya busa, bai yi amai ko ya sa wani abu a baki ba. Zai lissafa lokacin da ya wuce tsakanin kamu da gwaji. Zai kalli bidiyo ya ga tsayuwarsa da furucinsa. Tsakanin 0.09 da 0.08 tazara kaɗan ce, shi ya sa waɗannan ƙananan abubuwa suke da daraja. Kuma in faɗi gaskiya, takardun masu gabatar da ƙara ba kullum suke zuwa a cike ko a kan lokaci ba, alhali doka ta wajabta musu miƙa su.

Sai dai kada ka ɗora buri da yawa a nan. Ko an karya lambar, ana iya kama shi da shaidar ido kaɗai, warin baki da jan ido da tangaɗi. Wani zai ce maka da ya ƙi busawa da ya tsira. Ba haka ba ne. Ƙin gwaji shi kansa yana jawo soke lasisi na aƙalla shekara da tarar dala 500, kuma ana iya faɗa wa masu yanke hukunci cewa ya ƙi.

Shi ya sa, idan ba lauya ya tono babban ɓaraka ba, ni sasanci da mai gabatar da ƙara zan fi karkata gare shi. Abin da aka saba nema ga mai laifin farko, babu hatsari, lamba ba ta yi sama ba, shi ne a sauko da tuhumar zuwa DWAI, wato tuƙi yayin da giya ta rage wa mutum kuzari amma bai kai maye ba. Wannan saɓa dokar hanya ce, ba ta cikin jerin laifukan da ke ɓata tarihi. Tararta dala 300 zuwa 500 ce, ɗaurinta bai wuce kwana 15 ba. Ba haƙƙinsa ba ne a ba shi, tayi ne, suna iya hanawa. Kuma kada ka ji an ce an sauko ka zaci lasisi zai dawo, shekara gudan nan tana nan ga wanda bai kai 21 ba. Akwai wata hanya ƙunƙuntacciya da ake mayar da maganar hannun DMV gaba ɗaya, inda hukuncin farko dakatarwar wata shida ce da dala 125, amma an tsara ta ne don ƙananan lambobi, kuma sai ɓangarorin biyu da alƙali sun yarda. Lauya ya tambaya, tambaya ba ta cin kuɗi, ni dai ba zan yi maka alkawarinta da 0.09 ba. Abin da ke sassauta zuciyar mai gabatar da ƙara shi ne a zo masa da abu a hannu: an kai yaron an tantance shi kan shaye-shaye tun kafin kotu ta umarta, ga takardar makaranta ko ta aiki, ga wasiƙun nan na dattawa. Akwai kuma kwas na mako bakwai, awa 16, wanda ta hanyarsa ake iya samun lasisi mai sharaɗi na zuwa makaranta da aiki, in ya cancanta.

Girin kad ɗin nan shi ne inda nake so ka fi nutsuwa. A fahimtar da aka daɗe a kai, DWI guda ɗaya marar hatsari ba ya isa shi kaɗai a kori mai izinin zama na dindindin. Amma dokokin shige da fice suna motsi, kuma idan an sami wiwi ko wata ƙwaya a motar, zance ya sauya gaba ɗaya, domin a nan dokar tarayya ce ke aiki. Maganar za ta sake tasowa ranar da ya nemi zama ɗan ƙasa, inda ake duba halinsa na shekara biyar, kuma Kanada tana iya hana shi shiga. Tun hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Padilla a 2010 wajibi ne lauyansa ya bayyana masa abin da amsa laifi zai jawo wa zamansa a ƙasar. Kada ya amsa komai sai an yi wannan bayani, kuma kada a tura shi gida "ya huta" shari'a tana tafe. Rashin zuwa kotu ko sau ɗaya takardar kamu yake haifarwa.

Wanda ya shirya liyafar ya zuba wa 'yan ƙasa da 21 giya shi ma ya taka doka, kuma ban ga abin yabo a wurinsa ba, amma laifinsa ba ya rage na ɗanka ko da ƙwayar zarra, kada ka ɓata ƙarfinka a can. Ka mai da hankali ga makullin motarka. Idan ya tuƙa alhali an dakatar da lasisinsa, sabon laifi ne mai zaman kansa, kuma da ya buge wani a daren nan, kai mai mota kana cikin waɗanda za a nema diyya. Kuɗin inshorarka ma ka sa ran zai tashi.

Idan kuɗin lauya ya yi nauyi, kotu tana ba da na kyauta ga wanda ya cancanta, kuma ƙungiyoyi irin su Bronx Defenders da Legal Aid Society suna da masana shige da fice a cikinsu. Lauyan na ɗanka ne, ba naka ba, ko da kai ka biya, don haka in ya ce ka jira a waje su gana, kada ka ɗauka raini ne, sirrin ganawar yake karewa. Kafin zama na gaba ka tara masa takardar tuhuma, da takardar sakamakon gwaji, da duk wata takarda daga DMV, da girin kad, ka kuma ce wa yaron ya daina ba abokai labarin daren a WhatsApp.