Ƙashi da fata a hannun likita ɗaya: amsa ga ɗan yayata

Assalamu alaikum ɗana, likita bokan Turai.

Saƙonka ya same ni ina aikin dare, shi ya sa sai yau Lahadi na samu zama. Ka ce ka gama bautar ƙasa, kana shirin PLAB, jarrabawar da ke ba likitan waje izinin aiki a Birtaniya, kuma burinka in ka zo Ingila ka ƙware a tiyatar ƙashi da tiyatar gyaran fata da tsoka, duka biyun. Dalilinka wani matashi ne da Adaidaita Sahu ta kife da shi a titin Zariya, ƙashin ƙwaurinsa ya fasa fata ya fito. An daidaita ƙashin, amma babu naman da zai rufe shi, daga baya aka yanke ƙafar. Ka ce da likita ɗaya ya iya aikin biyu, da ƙafar ta tsira.

Niyyar ta yi kyau. Lissafin nake so mu sake.

A nan fannonin tiyata goma ne, kowanne da ƙofarsa. Za ka yi shekara biyu na horon tushe, ka ci MRCS, wato jarrabawar kwalejin likitocin tiyata, sannan ka nemi gurbin babban horo na shekara shida. Takwas ke nan in hanya ta miƙe, kuma da wuya ta miƙe wa wanda ya zo daga waje. Ni sai da na yi shekara uku ina aikin da ba a ƙirga shi cikin horo kafin na samu gurbi, ga shi a 2025 gwamnatin nan ta ce za ta riƙa fifita waɗanda suka yi karatun likita a Birtaniya. Masu sa barci suna iya haɗa horonsu da na ɗakin kulawa ta musamman su fita da shaida biyu, amma ba a shimfiɗa wa ƙashi da fata irin wannan hanyar ba. In ka nace, sai ka gama ɗaya ka koma ƙarshen layi ka nemi ɗayan. Shekarunka 27 yanzu. Ka haɗa da kanka ka ga inda furfura za ta same ka.

A Amurka kam akwai ƙofa. Horon ƙashi shekara biyar ne, kuma wanda ya gama yana iya neman ƙarin shekara uku a gyaran fata. Sai dai gurbin ƙashi can, 'yan ƙasar ma kokawa suke a kansa, balle baƙo, sannan gwamnati tana rage kuɗin da take ba asibiti a kan likitan da ya wuce shekarun horonsa na farko. Fannin da na sani a nan da doka ta ce dole digiri biyu shi ne tiyatar muƙamuƙi da fuska, sai kana da na likitanci da na haƙori. Shi ma fanni ɗaya ne a ƙarshe.

Amma a ce ka samu takardun biyu ka rataye a bango. Tiyata sana'ar hannu ce, kamar dukanci ko ɗinkin hula, abin da kake yi kullum shi hannunka yake riƙewa. Ɗauko tsoka daga cinya ko baya a dasa a ƙwauri yana nufin haɗa jijiyar jinin da ba ta wuce kaurin tsinken tsintsiya ba, a ƙarƙashin madubin ƙara girma, da zaren da bai kai gashin kai kauri ba. Wanda yake yin haka sau ɗaya a wata uku saboda sauran kwanakinsa sun tafi a canjin ƙugu da gwiwa, ba zan ba shi ƙafar ɗana ba. Asibiti kuma a sashe ɗaya zai ɗauke ka, kiran dare na sashe ɗaya za ka yi. Taura biyu ba ta taunuwa a baki ɗaya, kakarka ta sha faɗa mana.

Yaron da ka gani, ga yadda ake yi da irinsa a nan. A 1986 aka buga binciken wani likita, Marko Godina, daga birnin Lubliyana na ƙasar Sloveniya ta yau, wanda ya nuna cewa in an rufe irin wannan rauni da nama mai rai cikin awa 72, ruɓewa da lalacewar dashen suna raguwa ƙwarai. A kan haka ƙa'idar Ingila take tafiya: a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin awa ɗaya da jin raunin, a wanke a yanke mataccen nama da wuri, a rufe cikin kwana uku. Kuma tun wankin farko likitan ƙashi da likitan fata tare suke shiga ɗakin tiyata. Ni in kafa ƙarfe, abokin aikina yana tsaye yana ce mini kada in sa ƙusa a nan, ta nan jijiyar naman da zai dasa za ta bi. Mukan yi musu, wani lokaci har murya ta ɗaga, amma aikin awa takwas ko goma ne, in ɗaya ya gaji ɗaya yana da sauran ƙarfi. Abin da ya ci ƙafar yaron nan, a ganina, jinkiri ne da rashin haɗuwar mutum biyu a kansa a rana ɗaya. Ka ƙara da waɗanda sai sun kwana biyu a wajen mai ɗori, an ɗaure karaya tamau da kara har jini ya daina zuwa, sannan a kawo su.

In kuma son aikin biyun ne a ranka, akwai inda suka yi iyaka da juna, kuma nan na zauna ni ma. Tiyatar hannu ke nan. A Yaƙin Duniya na Biyu, hukumar lafiyar sojan Amurka ta lura cewa sojan da ya ji rauni a hannu yana yawo tsakanin mai ƙashi da mai fata da mai jijiya, sai ta sa wani likita, Sterling Bunnell, ya kafa cibiyoyin da likita ɗaya zai koyi duka, ƙungiyar likitocin hannu ta Amurka kuma ta kafu a 1946. Yau mai ƙashi da mai fata kowa yana iya shiga ta ƙofarsa, ya ƙara kamar shekara ɗaya bayan babban horo. Haka ƙashin baya yake tsakanin masu ƙashi da masu tiyatar ƙwaƙwalwa. Ni a cinyar kaza na koyi ɗinkin jijiya, wata da watanni, har gwaggonka ta daina sa ni cefanen kaji don ta san rabi ba tukunya za su ba.

Shawarata, kada ka raina abin da ke ƙofar gidanku. Asibitin Ƙashi na Dala tun 1959 yake, yana da sashen ƙuna da gyaran fata, kuma karayar da za ka gani can a wata guda sai ka daɗe a nan ba ka ga irinta ba. Asibitin Malam Aminu Kano ma yana horar da masu tiyata. Ka rubuta jarrabawar share fage ta kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma, a ƙaramin horo dama za a zagaya da kai sassa da dama, har da waɗannan biyun. Ka lura da wanda ba ka duba agogo in kana cikinsa, shi za ka riƙe. Duk aikin da ka sa hannu ka rubuta shi, babba ya sa maka hannu a ranar, domin ko nan ka zo daga baya, shi za a fara tambayarka. PLAB ɗin ba ta hana wannan, amma ni da MRCS zan fara in tiyata nake nufi.

Ka gaishe mini da Yaya, ka ce mata ban hana ka tafiya ba kuma ban ce ka taho ba. In Allah ya kai mu Babbar Sallah ina nan zuwa, zan taho maka da tsohon tabarau na na tiyata mai ƙara girma da 'yan zarurruka. Kai kuma ka tanadi cinyoyin kaza daga Kasuwar Rimi.